Kurakuran Masu Sayar da Gidaje a Lokacin Sauyin Kasuwa: Nazari a Mahangar Fiƙihun Malikiyya Daga Warra da Kewayen Tafkin Kainji

Tsakure

Cinikin gida ya bambanta da sauran cinikayya ta fuskar girman kuɗinsa, da yawan masu haƙƙi a cikinsa, da daɗewar tasirinsa a kan iyali. Wannan maƙala ta duba kurakuran da masu gidaje suka fi faɗawa ciki yayin sayarwa a garin Warra da sauran garuruwan masarautar Yawuri, a daidai lokacin da darajar naira da farashin kayan gini suke sauyawa cikin sauri. An auna kowane kuskure da ma'aunin mazhabar Malikiyya, tare da waiwayen matsayar Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Maƙalar ta nuna cewa mafi yawan asara da shari'un da ke biyo bayan cinikin gida suna tasowa ne daga abin da mai sayarwa ya yi sakaci da shi tun kafin a ƙulla cinikin.

1.0 Gabatarwa

Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta ciniki, ya kuma sanya yardar juna ta zama ginshiƙinsa, kamar yadda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta tabbatar. Sai dai yarda ba ta cika sai da sani, domin wanda ya yarda da abin da aka ɓoye masa haƙiƙaninsa bai yarda ba. Saboda haka malaman Malikiyya suka shardanta cewa mai sayarwa ya zama mamallaki ko wakilinsa, abin sayarwa ya zama sananne kuma wanda ake iya miƙawa, kuɗi da wa'adin biyansu su ma su zama sanannu. Waɗannan sharuɗɗa suna nan a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, da Mukhtasar na Shaihu Khalil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, littattafan da alƙalan Arewacin Nijeriya suke hukunci da su har yau.

Tashin farashin gidaje da filaye ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulunci. Bukhari ya ruwaito cewa Zubairu ɗan Awwam (RA) ya sayi filin Gaba, kusa da Madina, a kan 170,000, bayan rasuwarsa kuma ɗansa Abdullahi ya sayar da shi a kan 1,600,000 domin biyan basussukan mahaifinsa. Abin lura a ƙissar shi ne Abdullahi bai raba gadon ba sai da ya shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji, yana neman duk mai bin Zubairu bashi. Riba ba laifi ba ce. Laifi yana shigowa ne ta hanyar da aka bi aka same ta.

2.0 Yanayin Wurin da Kasuwarsa

Warra ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi uku na masarautar Yawuri tare da Yawuri da Shanga. Abubuwa uku ne suka tsara kasuwar gidaje a wannan yanki.

Na farko shi ne tafkin Kainji. An fara gina madatsar ruwan a 1964, tafkin ya cika a 1968, aka tayar da mutane kimanin 44,000 daga tsibirai da gaɓar kogin Kwara, cikinsu har da Gungawa da Kambari, aka sake musu matsuguni. Gidajen da aka ba magidanta a wancan lokaci sun haura shekara hamsin, da yawansu kuma sun koma hannun 'ya'ya da jikoki. Ruwan tafkin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yakan ja baya daga rani zuwa farkon damina, sannan ya dawo da farin ruwa na damina, baƙin ruwa mai gangarowa daga tsaunukan Gini ya biyo baya a lokacin sanyi.

Na biyu shi ne zirga-zirgar jama'a. Kamun kifi da noman shinkafa da albasa da haƙar zinare suna jawo baƙi, matsalar tsaro kuma tana tura mutanen ƙauyuka cikin gari. Sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a ranar 17 ga Yuni, 2021 ya nuna yadda matsalar ta kusanto yankin. Inda tsoro ya shiga, gida kan rasa mai taya shi. Inda ake gudowa, farashi kan tashi.

Na uku shi ne faɗuwar darajar kuɗi. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka saki naira ga kasuwa a watan Yuni na shekarar. Dalar Amurka da take kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma ta bayyana hauhawar farashi da kashi 34.80 cikin ɗari a Disamban 2024. Buhun simintin da ake saya ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya kai 10,000 a wurare da dama a Fabrairun 2024.

3.0 Kurakuran da Aka Fi Samu

3.1 Sayar da gidan gado kafin tantance masu haƙƙi

Wannan shi ne kuskure mafi muni, domin ya haɗa cin haƙƙi da yanke zumunci. Sau da yawa babban ɗa ko wanda ke zaune a gidan yakan ɗauka cewa daɗewarsa a ciki, ko gyare-gyaren da ya yi, sun mayar da gidan nasa. A shari'a kuwa, da zarar mamaci ya cika, dukiyarsa tana bin tsari: a fitar da abin da ke jingine, sai kuɗin jana'iza, sai basussuka, sai wasiyya a cikin sulusi, sannan abin da ya rage ya zama na magada bisa kason da ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i suka yanka. 'Yar da ke aure a Kontagora, da matar mamacin da ta koma gidansu, da ɗan da ya tafi su a tafkin Chadi, kowannensu yana da rabo a kowane taku na gidan har sai an raba.

Wanda ya sayar da gidan duka ba da izininsu ba, ya zama mai shisshigi a kason da ba nasa ba. A Malikiyya cinikin mai shisshigi yana rataye ne a kan amincewar mai abu: in ya so ya zartar, in ya so ya warware. Wanda aka yi cinikin a gabansa ya yi shiru ba tare da uzuri ba, cinikin ya hau kansa, sai dai ya karɓi kuɗinsa. Wanda ba ya wurin kuwa yana da damar warwarewa bayan ya sami labari, matuƙar bai yi shiru har shekara ta wuce ba. Idan akwai maraya a cikin magada, lamarin ya ƙara tsanani, domin wa ko baffa ba su da ikon sayar da ƙasar maraya don kawai suna riƙonsa. Wannan aikin wasiyyi ne ko alƙali, kuma sai da dalili bayyananne, kamar buƙatar ciyarwa ko tsoron rushewar gidan.

Ko da magaji ya sayar da kasonsa kaɗai, akwai haƙƙin shufu'a. Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana abokin tarayya sayarwa sai ya sanar da abokin tarayyarsa. Malikiyya sun taƙaita shufu'a ga abokin tarayya a gida ko filin da ba a raba ba, saɓanin Hanafiyya da suka ba maƙwabci ma. Mai shufu'a yana karɓe kason daga hannun mai saye a kan kuɗin da ya biya. Wanda yake gari kuma ya sani, haƙƙinsa kan faɗi bayan shekara. Wanda yake nesa kuwa yana kan haƙƙinsa ko da tafiyarsa ta daɗe. A lokacin hauhawar farashi wannan hukunci yana da nauyi, domin mai sayen da aka mayar wa kuɗinsa bayan watanni ya karɓi adadin da ya bayar, amma bai karɓi ƙimarsa ba. Don haka masu saye masu wayo sukan guji irin wannan gida ko su taya shi da arha, asarar ta koma kan magadan baki ɗaya.

3.2 Ɓoye aibi

Idan kasuwa ta yi sanyi, mai gida kan jarabtu da shafe tsagewar bango da siminti, ya bi da fenti, ko ya zaɓi lokacin da ruwan tafki ya ja baya ya kawo mai saye. Muslim ya ruwaito ƙissar mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasan tsibi, Annabi (SAW) ya zura hannu ya gano, ya kuma barranta daga mai algus. Hadisin Hakim ɗan Hizam (RA) a Bukhari da Muslim ya rataya albarkar ciniki a kan gaskiya da bayani, ya rataya shafewarta a kan ƙarya da ɓoyewa.

Malikiyya sun ba gidaje hukunci na musamman, suka kasa aibinsu gida uku. Aibi ƙanƙani da ba ya rage kuɗi, ba a komawa kan mai sayarwa da komai. Aibi matsakaici, kamar tsagewar bangon da ba a jin tsoron faɗuwar gida saboda ita, ba ya warware ciniki, amma ana mayar wa mai saye ƙimar abin da aibin ya rage. Aibi babba, wanda da yawa daga cikinsu suka ƙaddara da sulusin kuɗi ko wanda ake jin tsoron rushewa saboda shi, yana ba mai saye zaɓin mayar da gidan. Littattafan mazhaba sun ambaci rijiya mai zartsi a unguwar da ruwanta ke da daɗi a cikin aibobin da ake mayar da gida saboda su. Bisa wannan ƙiyasi, gidan da ruwa ke shiga ko ya kewaye duk shekarar da tafki ya cika, ko wanda gara ta cinye azararsa, ko wanda zaizaya ke cin gindin katangarsa, ya fi cancantar a bayyana halinsa. Ambaliyar 2012 da 2020 da 2022 ta nuna wa mazauna gaɓar Kwara inda ruwa ke iya kaiwa, mai gida kuma ya fi kowa sanin inda ya tsaya a bangonsa.

Kalmar "na sayar maka yadda ka gan shi" ba ta wanke mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye. Abin da ke wanke shi shi ne ya ambaci aibin da sunansa, ya nuna wurinsa da girmansa, a rubuta a takarda. Daga nan mai saye ba shi da ta cewa, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

3.3 Sanya farashi ba tare da sanin kasuwa ba

Kuskure a nan fuska biyu ne. Wani kan riƙe farashin da ya ji an sayar da wani gida a Yelwa ko Birnin Kebbi, ya yi ta cewa "albarka" har masu tayi su watse, gidan ya daɗe a hannun dillalai, mutane su fara zargin yana da matsala. Wani kuma kan sallama a kan farashin shekaru biyu da suka wuce, yana ganin ya ci riba domin ya ninka abin da ya kashe, alhali kuɗin ba za su gina rabin irinsa a yau ba.

Wanda ya yi haka kada ya sa rai alƙali zai cece shi cikin sauƙi. Mashahurin zance a mazhaba shi ne ba a warware ciniki don tauyewar farashi kawai, sai ga wanda ya bayyana jahilcinsa ya dogara ga amanar abokin cinikinsa. Ibn Asim ya kawo ra'ayin da ya ba da dama bisa sharuɗɗa uku: kada shekara ta wuce, mai ƙara ya zama ya jahilci ƙimar abin, tauyewar kuma ta kai sulusi. Mafita ita ce mai gida ya nemi ƙiyasin magina da masana unguwa fiye da ɗaya, ya san kuɗin fili da na bulo da kwano da siminti a ranar, kafin ya buɗe baki.

3.4 Sayarwa bashi ba tare da iyakance wa'adi ba

Jumlar "ka kawo sauran in ka samu" ta raba 'yan'uwa da yawa. Wa'adin da ba a sani ba yana ɓata ciniki, ko da yake Malikiyya sun yarda a ɗaure biya da lokacin da al'ada ta sani, kamar girbin shinkafa ko cirar albasa. A ɗauka mutum ya sayar da gida a kan naira miliyan shida a farkon 2023, ya karɓi rabi, sauran rabin bai shigo hannunsa ba sai a 2024. Miliyan ukun da za su sayi buhun siminti fiye da 600 a ranar ciniki, ba za su wuce 300 ba a ranar biya. Zuciya za ta raya masa ya nemi ƙari, amma ƙari a kan bashin da ya tabbata saboda jinkiri shi ne ribar jahiliyya da Alƙur'ani ya haramta.

Jumhurun malamai suna ganin bashi ana biyansa ne da adadinsa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tabbatar da haka a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta kuma hana ɗaure bashi da ma'aunin tashin farashi. An ruwaito daga Abu Yusuf na Hanafiyya komawa ga ƙima idan darajar kuɗin tagulla ta sauya, Rahuni na Malikiyya kuma ya karkata ga haka idan sauyin ya yi muni ƙwarai. Sai dai saɓanin malamai ba abin da mai hankali zai gina cinikinsa a kai ba ne. Ƙofar da shari'a ta buɗe tana farkon ciniki: ya halatta farashin ajali ya fi na hannu, muddin an tsaya a kan farashi ɗaya lokacin ƙullawa, kamar yadda Majalisar ta zartar a Jidda a 1990. Mai sayarwa yana da damar gajarta wa'adi, ya nemi jingina ko mai lamuni, a kuma rubuta kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni.

3.5 Kafin alƙalami, dillalai da tayi a kan tayi

Mai gida kan karɓi kafin alƙalami bisa sharaɗin cewa in mai saye ya fasa kuɗin sun zama nasa. Imam Malik ya hana wannan a Muwaɗɗa, Hanbaliyya sun halatta, Majalisar Fiƙihu ta bi ra'ayinsu a zamanta na Burunai a 1993 bisa sharaɗin a iyakance lokacin jira. Wanda ke son tsira daga saɓani sai ya yi cinikin zaɓi, wanda Malikiyya suka ba shi kimanin wata ɗaya a gida, a kuma mayar da kuɗin in an fasa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne mai gida ya sallama, sannan wani ya zo da ƙari ya sake sayar masa. A Malikiyya ciniki yana lazimta da furucin ɓangarorin biyu ko da ba su rabu ba, don haka gidan ya riga ya fita daga mulkinsa. Idan ya yi nadama, hanyarsa ita ce ya roƙi mai saye ya yafe masa cinikin da yardarsa. Haka nan haramun ne a turo wanda ba shi da niyyar saye ya ƙara tayi domin a ruɗi mai saye na gaskiya. Dillanci kuwa sana'a ce halattacciya, amma a yanka la'ada tun farko. Barin dillali ya ɗora abin da ya ga dama a kan farashi, ko da yake an ruwaito halaccinsa daga Ibn Abbas (RA), mafi yawan malamai sun ƙi shi saboda jahiltar lada, a aikace kuma yakan sa gida ɗaya ya sami farashi uku a gari ɗaya.

3.6 Sakaci da rubutu, iyaka da izinin hukuma

Shaidu suna mutuwa, suna kuma mantuwa. Ya kamata takardar ciniki ta ƙunshi iyakokin gida ta fuskoki huɗu da sunayen maƙwabta, da hanyar shiga, da magudanar ruwa, da abin da ya shiga cinikin kamar rijiya da bishiyoyi da shago, da ranar miƙa mabuɗi. Idan akwai ɗan haya a faɗa, domin ciniki ba ya rushe hayarsa. Mai gidan da bai sami wurin komawa ba yana iya shardanta ci gaba da zama na sanannen lokaci, wanda Malikiyya suka yarda ya kai shekara.

Sa hannun mai unguwa da dagaci da hakimi shaida ce mai ƙarfi, amma ba ta maye gurbin izinin da doka ta nema. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a sauya mallakar filin da ke ƙarƙashin ikonsa a sashe na 22, da amincewar ƙaramar hukuma a kan filin gargajiya a sashe na 21, sashe na 26 kuma ya soke abin da aka yi saɓanin haka. Kotun Ƙoli ta yi aiki da wannan a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. Tunda miƙa abin sayarwa wajibi ne a kan mai sayarwa, taimakon mai saye ya kammala takardunsa yana cikin cikar amana.

3.7 Sayarwa ba tare da shirin abin da za a yi da kuɗin ba

Ahmad da Ibn Majah sun ruwaito daga Sa'idu ɗan Huraisu (RA) hadisin da ke nuna cewa wanda ya sayar da gida bai sanya kuɗin a makamancinsa ba, ya cancanci a ƙi yi masa albarka a cikinsu. Malamai sun ɗauki wannan a matsayin shiryarwa, ba haramci ba, kuma bai shafi mai biyan bashi ko mai lalura ba. Hikimarsa tana fitowa fili a zamanin da kuɗi ke narkewa a hannu: wanda ya sayar don biki, ko don zuba jari a ramin zinaren da bai san kansa ba, sau da yawa yakan wayi gari ɗan haya a garinsu. Wasu kuma, don gudun rabuwa da gidan, sukan sayar bisa sharaɗin cewa duk ranar da suka dawo da kuɗin za a mayar musu. Malikiyya suna ganin wannan sharaɗi yana ɓata ciniki idan an sanya shi a cikin ƙullawa, domin haƙiƙaninsa rance ne da ya jawo amfani. Game da zakka, kuɗin gidan zama sabuwar dukiya ce, ana fara ƙirga mata shekara daga ranar da aka karɓa.

4.0 Kammalawa

Kurakuran da aka bibiya suna komawa ga tambayoyi huɗu da ya kamata mai gida ya amsa kafin ya kira dillali: gidan na wane ne, me ke cikinsa na aibi, nawa ne ƙimarsa a yau, kuma yaushe za a biya. Sauyin kasuwa bai sauya hukunci ko ɗaya ba, sai dai ya ƙara tsadar kuskure, domin kuɗin da aka mayar bayan shekara ba su ne aka karɓa ba. Akwai buƙatar limamai da malaman zaure a Warra da Yelwa da Shanga su riƙa karantar da babin ciniki da shufu'a kamar yadda suke karantar da tsarki da salla, su kuma ƙarfafa raba gado da wuri tun shaidu suna raye. Ɗaliban fiƙihu kuma suna da fagen bincike a bayanan kotunan shari'a na yankin, musamman kan yadda alƙalai suke hukunci a bashin da hauhawar farashi ta cinye ƙimarsa. Allah ne mafi sani.